Sunan Medina na Sifaniyawa da Fotugis: Daga Madinar Manzo Ya Samo Asali?

"Malam, barka da aiki. Gardama ce ta kaure mana a majalisa. Muna kallon ƙwallo sai muka ga Facundo Medina, ɗan bayan nan na Ajantina, da sunan rubuce a bayan rigarsa. Wani abokinmu ya rantse cewa duk mai wannan suna jikan mutanen Madina ne da suka je Andalus, aka tilasta wa kakanninsu barin Musulunci. Ni kuma na ce dacewar suna ce kawai, ba ruwansa da Larabci. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Kuma yaya aka yi sunan ya kai har Ajantina da Brazil?"

Ɗan'uwa, kai da abokin naka kowa ya riƙo wani ɓangare ya saki wani. Kalmar ta Larabci ce, babu ja, a nan abokinka ya fi ka. Amma ba birnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, take nufi ba, kuma ba ta nuna addinin kakan mai sunan ko jininsa. Abin da take faɗa kawai shi ne: akwai wani kaka da ya fito daga ɗaya daga cikin garuruwan Sifaniya da ake kira Medina.

Madina a Larabci "birni" ce kurum. Shi kansa birnin Annabi sunansa na da Yasrib, daga baya aka riƙa cewa Madinatun Nabiyyi, har aka taƙaita. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba, don muna da Birnin Kebbi, Birnin Kudu, Birnin Gwari da Birnin Ƙonni, kuma mutumin ƙauyen da ke kusa da kowannensu idan zai tafi cewa yake "zan shiga Birni", kowa ya gane wanda yake nufi. Haka aka yi a Andalus. Bayan Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara a 711, Larabci ya zama harshen mulki a mafi yawan yankin na ƙarnuka, garuruwa da dama suka samu sunan da ya fara da madinatu. Da Kiristocin arewa suka karɓe su, ba su canza sunayen ba, sai dai bakinsu ya lanƙwasa su. Da ma Larabcin Andalus yana karkatar da wasalin "a" zuwa "e", shi ya sa aka samu Medina. Ana ɗaga murya a kan "di". Mafi yawan 'yan Brazil kuma "Mejina" za ka ji sun ce, don haka suke furta "di".

Ba ita kaɗai ba ce. Shugaban gari a Sifaniya har gobe alcalde ake ce masa, daga al-ƙadi, tushen da ya ba mu alƙali. Sunayen dangi irin su Alcalá daga al-ƙal'a suke, wato ganuwa ko sansani, Alcántara daga al-ƙanɗara, gada, Almeida na Fotugal kuma daga al-ma'ida, teburi, saboda tudu mai shimfiɗaɗɗen kai. Duk sunayen wurare ne kafin su zama na mutane.

Garuruwan da suka haifi sunan

Medinaceli da ke lardin Soria ita ce Madinatu Salim, babban sansanin iyakar daular Kurɗuba, inda Almansur bin Abi Amir, wanda ya riƙe ragamar daular, ya rasu a 1002. Medina Sidonia a lardin Cádiz tsohon gari ne tun zamanin Rumawa, ana ce masa Asido. Musa bin Nusair ya ci shi a 712, ya zauna hannun Musulmi har Sarki Alfonso na Goma ya karɓe shi a 1264. Akwai Medina de las Torres a Badajoz, Medina de Pomar can arewa a Burgos, sai biyu a lardin Valladolid: Medina de Rioseco da Medina del Campo. Madinatuz Zahra kuwa, wadda Abdurrahman na Uku ya gina kusa da Kurɗuba a ƙarni na 10, ita ce ta fi suna a wajen masu karatun tarihin Musulunci, amma ba ta kai shekara ɗari ba aka rushe ta a yaƙin basasar farkon ƙarni na 11. Ta zama kufai tun kafin a fara gadon sunayen dangi, don haka a cire ta daga lissafi.

A lura da inda waɗannan garuruwa suke. Uku daga ciki suna tsakiyar tsohuwar Kastiliya a arewacin Sifaniya, yankin da mulkin Musulmi bai daɗe ba, kuma Kiristoci ne aka sake zaunarwa a cikinsu. A cikin waɗanda suka zo akwai Kiristocin da suka tashi a ƙarƙashin Musulmi suna jin Larabci, waɗanda ake kira Musta'arabai, kuma masana da yawa su suke dangantawa da irin waɗannan sunaye a arewa. Ke nan kalmar Larabci na iya fitowa daga bakin Kirista ta zauna a kan garin Kiristoci.

Idan za a ba gari ɗaya kaso mafi tsoka, a ganina Medina del Campo ce. A ƙarni na 15 da na 16 kasuwarta ce uwar kasuwannin Kastiliya. Tana ci sau biyu a shekara, Mayu da Oktoba, kowace ta ɗauki kwanaki kusan hamsin. Gashin tumaki ake fitarwa zuwa Flanders ta wajen Beljiyam ta yau, a shigo da yadi da littattafai, kuma a nan fatake daga Italiya, Lisbon da Antwerp suke warware basussukan da ke tsakaninsu ta takarda. Sarauniya Isabel a garin ta rasu a 1504. Gari irin wannan mutanensa yawo suke, kamar yadda fataucin goro ya watsa Kanawa da Katsinawa har Gwanja. Ɗan garin da ya sauka a Sevilla, aka tarar akwai Juan goma a unguwar, sai a ce Juan de Medina, Juan na Medina.

Yadda laƙabi ya zama gado

Wannan ma mun san shi a gida. Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur: sunan gari ko unguwa ne ya manne wa mutum, galibi a makaranta ko wurin aiki, don a bambanta shi da takwarorinsa. Ba wanda zai ce duk mai amsa Kano a ƙarshen sunansa dangin Malam Aminu ne. Kuma mutum ba ya samun irin wannan laƙabi yana zaune a garinsu, sai ya fita. Wannan ne dalilin da ya sa Medina ya fi yawa a Andalusiya, wato kudancin Sifaniya ta yau, da tsibiran Kanari fiye da cikin garuruwan da suka haife shi: can ne mutanen Kastiliya suka kwarara bayan an ci ƙasa, Sevilla a 1248, tsibirin Gran Canaria a 1483, Tenerife a 1496.

A Sifaniya laƙabin ya fara zama abin gado tsakanin ƙarni na 13 da na 15, amma da sako-sako ƙwarai. Har ƙarni na 17 'ya'yan da suke uwa ɗaya uba ɗaya na iya amsa sunaye daban-daban, wani ya ɗauki na uba, wani na kakar wajen uwa, wani na wanda ya bar masa gado da sharaɗin ya ɗauki sunansa. Shahararren jarumin yaƙi Gonzalo Fernández de Córdoba, yayansa Alonso de Aguilar aka san shi. Mai zane Velázquez sunan mahaifiyarsa yake amsawa, na uban Silva ne. Abu biyu suka ɗaure al'amarin: taron majami'ar Katolika na Trento da aka kammala a 1563, wanda ya wajabta wa kowace coci rubuta baftisma da aure, da kuma rajistar gwamnati da ta fara aiki a 1871. Ƙaramar kalmar "de" kuma, wadda ke nufin "na" ko "daga", yawancin iyalai sun yar da ita a hanya. Wanda ya riƙe ta ba shi ne basarake ba.

Tun da an zo kan sarauta, ga wani ruɗani da ake yawan faɗawa ciki. Akwai manyan gidajen sarauta biyu, na Medina Sidonia da na Medinaceli, amma sunan danginsu ba Medina ba ne. Na farkon asalinsa Guzmán ne, kuma mai riƙe da sarautar na bakwai, Alonso Pérez de Guzmán, shi ya jagoranci rundunar jiragen ruwan da Sifaniya ta tura wa Ingila a 1588. Na biyun asalinsa de la Cerda ne. Garin ne sarautarsu, kamar yadda Sarkin Katsina ba Katsina ne sunan gidansa ba. Masu sayar da tambarin dangi a intanet sukan manna wa duk wani Medina tambarin waɗannan gidaje. Kuɗi kawai ake ci, don a dokar can tambari na gida ɗaya ne, ba na duk masu suna ɗaya ba.

Musulmi da Yahudawa fa?

A nan maganar abokinka take da ɗan gindi, sai dai ba ta hanyar da ya zata ba. Garnaɗa, masarautar Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi ranar 2 ga Janairu 1492. A watan Maris na shekarar aka ba Yahudawa zaɓi: baftisma ko ƙaura. Musulmin Kastiliya an yi musu haka a 1502, na Aragon da Valencia a 1526. Fotugal ta yi nata a 1496 da 1497. Wanda aka yi wa baftisma dole ya ɗauki sunan Kirista, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne sunan wanda ya tsaya masa a coci, ko na ubangidan ƙasar da yake nomawa, ko na garinsu. Jagoran tawayen Musulmin Garnaɗa na 1568, wanda ya koma amsa Muhammad bin Umayya, a takarda Fernando de Córdoba y Válor ne. Dokar 1567 da ta tunzura tawayen ta haramta musu harshen Larabci da sunayen Larabci baki ɗaya. Medina bai shiga haramcin ba, domin a kunnen kowa a lokacin sunan garin Kastiliya ne. Saboda haka akwai Musulmin da suka ɗauke shi, amma sun ɗauke shi ne a matsayin sunan Kirista, kamar yadda wasunsu suka ɗauki Torres ko Molina.

Da aka kori zuriyarsu tsakanin 1609 da 1614, mutum wajen 300,000, da sunayen suka ƙetara. A Rabat akwai gidan Bargash, wato Vargas, da Mulin, wato Molina. A Tetuwan akwai Torres, akwai kuma Medina, Musulmi kaka da kakanni. Kalma ta fita daga Larabci, ta zama Sifaniyanci, ta dawo ƙasar Larabawa a matsayin alamar cewa gidan daga Andalus yake. Da a ce daga Madinar Hijaz suke, nisbar da za su ɗauka al-Madani ce.

Yahudawa ma sun tafi da shi. Samuel de Medina babban malamin shari'arsu ne a Salonika ta daular Usmaniyya, ya rasu a 1589. Solomon de Medina, ɗan kwangilar ciyar da sojojin Ingila, Sarki William na Uku ya ba shi lambar girma ta Sir a 1700. Wannan ya sa da Sifaniya ta yi dokar 2015 ta bai wa zuriyar Yahudawan da aka kora damar zama 'yan ƙasa, mutane da yawa a Latin Amurka suka ɗauka suna kaɗai ya isa, musamman da wani jerin sunaye na bogi ya yi ta yawo a intanet. Bai isa ba. Sai da shaidar nasaba da takardar hukumar Yahudawa, an kuma rufe karɓar takardu a Oktoba 2019. Dokar ba ta haɗa da zuriyar Musulmin da aka kora ba.

Ƙetare teku

Daga 1503 duk mai son zuwa nahiyar Amurka ta hannun ofishin kasuwanci na Sevilla yake bi ya karɓi izini, kuma a ƙa'ida an hana sababbin tuba, na Musulmi da na Yahudawa, tafiya. Wasu sun zille da takardun ƙarya, amma mafi yawan waɗanda suka tafi mutanen Andalusiya, Extremadura da Kastiliya ne, daidai inda sunan yake da yawa. Daga baya mutanen Kanari suka bi, musamman zuwa Venezuela, Kuba, Santo Domingo da Puerto Rico.

Biyu daga cikin masu sunan sun bar tarihi mai girma. Bartolomé de Medina, ɗan kasuwar Sevilla, shi ne a wajen 1554 a Pachuca ta Meziko ya gano yadda za a cire azurfa daga dutse maras kyau ba tare da wuta ba: a niƙe dutsen, a baza a fili, a cuɗa da gishiri da zaiba na tsawon makonni, sannan a wanke. Da wannan dabara aka haƙo azurfar da ta cika duniya ƙarni uku. Pedro de Medina kuma ya wallafa littafin koyar da tuƙin jirgin ruwa a 1545, kuma don girmama shi Alonso de León ya raɗa wa wani kogi a Texas suna Medina a 1689.

Amma Turawan da suka ƙetara ba su kai yawan da za su haifi duk Medinan da ke Meziko, Kolombiya, Venezuela, Peru da Ajantina a yau ba. Sunan ya yaɗu ne ta baftisma. 'Yan asalin ƙasar da bayin da aka kawo daga Afirka an rubuta su da sunan ubangida, ko na wanda ya tsaya musu, ko na limamin cocin. A Filifin ma abin ya fi haka tsauri: ranar 21 ga Nuwamba 1849 Gwamna Narciso Clavería ya ba da umarnin kowane gida ya ɗauki sunan dangi daga wani kundi da aka rarraba wa larduna, don sauƙin haraji da ƙidaya. Ɗan Filifin mai sunan Sifaniyanci sau da yawa ba shi da ko ɗigon jinin Sifaniya. Yau sunan ya kai fadar shugaban ƙasa fiye da sau ɗaya: Isaías Medina Angarita a Venezuela daga 1941 zuwa 1945, Danilo Medina a Jamhuriyar Dominika daga 2012 zuwa 2020.

A ɓangaren Fotugal sunan bai kai yawan Silva ko Santos ko Pereira ba, kuma galibi daga Kastiliya ya shigo, ta iyaka, ta aure, da Yahudawan da suka gudo a 1492, ga kuma shekaru sittin da ƙasashen biyu suka yi ƙarƙashin sarki ɗaya daga 1580 zuwa 1640. Kalmar dai tana nan a ƙasarsu, tsohuwar ƙofar birnin Coimbra har yau Almedina ake ce mata. Fernando Medina ya yi magajin garin Lisbon daga 2015 zuwa 2021. Kada a haɗa sunan Medina da Medeiros, wanda ake ji a Kwatano da Lome a gidajen waɗanda suka dawo daga Brazil. Wancan daga meda yake, tarin damin hatsi. Su waɗannan da suka dawo, musamman bayan tawayen bayi Musulmi na Bahia a 1835 wanda Yarbawa suka jagoranta da Hausawa a ciki, sun sauka Legas, Wida da Ankara da sunaye irin su da Silva da de Souza alhali da yawansu masu salla ne. Ga Musulmi da sunan Fotugis, ga Kirista da sunan Larabci.

Wanda ke son bin nasabar wani Medina

Sai a fara da sanin gurbin sunan. Basifaniye yana da sunan dangi biyu, na uba sannan na uwa: Danilo Medina Sánchez, Medina na uba ne. A Fotugal da Brazil akasin haka ne, na uwa ke gaba, na uba a ƙarshe. Gabriel Medina na Brazil, wanda ya taɓa zama zakaran duniya a wasan hawa igiyar ruwa, cikakken sunansa Gabriel Medina Pinto Ferreira, kuma Medinan daga mahaifiyarsa yake. Wanda bai san wannan ba zai ɓata watanni yana bin layin da ba shi ba. A Sifaniya kuma tun 1999 iyaye na iya sa na uwa a gaba idan sun yarda, don haka ga matasa sai an duba. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa ƙasar Amurka sau da yawa ma'aikatan shige da fice sun yanke musu ɗaya, ko sun mayar da na farkon sunan tsakiya.

Daga nan a koma baya taki-taki, kada a tsallake kaka ko ɗaya. Cikakkiyar takardar haihuwa ta Sifaniya daga 1871 tana ɗauke da sunan iyaye da kakanni huɗu da garin kowannensu, wato takarda ɗaya tana ba da tsatso uku. Kafin 1871 sai littattafan coci, waɗanda ke cocin garin ko a ma'ajiyar bishop na yankin. Rajistar aure ta fi ta baftisma amfani, don ita ke faɗin garin da ango ya fito. Na Latin Amurka da yawa an ɗauki hotonsu suna shafin FamilySearch, kuma a zamanin mulkin mallaka limamai kan ware littafin Sifaniyawa daban da na 'yan ƙasa da na bayi, don haka littafin da aka samu sunan a ciki shi kansa bayani ne. Takardun izinin ƙetara teku suna ma'ajiyar takardun mulkin mallaka da ke Sevilla, ana bincika su kyauta ta shafin PARES na gwamnatin Sifaniya. Hukumar ƙididdigar ƙasar, INE, tana da shafin da ake rubuta suna ya nuna yawansa lardi-lardi.

Inda aiki ke tsayawa sananne ne. An ƙona littattafan coci da yawa a yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939, wasu kuma tun mamayar Napoleon. Ko an tsira daga wannan, kasafai ake wuce tsakiyar ƙarni na 16, alhali laƙabin ya manne wa kakan tun shekaru ɗari ko ɗari biyu kafin nan. Sai gidan da ya yi shari'ar gado, ko ya nemi muƙamin da ake binciken "tsarkin jini", ko ya faɗa hannun Inkwizishin, kotun coci mai binciken aƙida, shi ne ake samun tsohuwar nasabarsa a rubuce, kuma a irin waɗannan fayiloli ne kaɗai ake ganin an ce wane jikan Musulmi ne ko na Bayahude. Gwajin ƙwayar halitta ta layin uba yana iya nuna ko Medina biyu kaka ɗaya suka haɗa, amma ba ya faɗin gari, balle addini.

Shi Facundo da kuka gani, haifaffen Villa Fiorito ne a gefen Buenos Aires, unguwar da Maradona ya tashi. Kakan da ya fara amsa sunan zai iya zama ɗan kasuwar Medina del Campo, ko manomin Kanari, ko ɗan asalin ƙasar da wani limami ya rubuta da sunan ubangidansa a ƙarni na 17. Rigarsa ba za ta raba muku gardama ba, sai littafin cocin garin da kakanninsa suka fito.